Gayyar Baba a Gonar Mai Tumaki

Asabar ta farko: Greensboro zuwa McLeansville

Muna sallame sallar asuba muka fito, ni da Baba, gari bai gama wayewa ba. Tsohuwar Datsun ɗina sai da na yi ta lallashinta kafin ta tashi, don sanyin watan Maris a garin nan ba ya ragawa mota, balle mutum. Baba ya zauna a gaba, ya naɗe kansa da rawani har baki, ya rungume ledar goro a cinya. Hajara matata ta biyo mu har bakin mota da filas ɗin shayi, tana cewa, "Baba, in kun kamo, ni dai kada a shigo min da shi kicin."

Ga wanda bai san mu ba: a ƙarshen shekarun tamanin ina karatun aikin gona a Greensboro, jihar North Carolina. Mahaifina kuwa maharbi ne ɗan maharbi, daga ƙasar Ningi. Idonsa ne ya kawo shi Amurka. Likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye gefe da gefe, abin da ya rage kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma shi ma tafiya yake. Da muka fito daga asibiti Baba ya ce in faɗa masa ba ragi. Na faɗa. Sai da muka kai mota ya ce, "To, Habu, kai ni daji tun ina gani."

A lokacin wata dabba ta fara ɓulla a jihar, suna kiranta koyoti. Ta fi dila girma, ba ta kai kyarkeci ba, ga ta da ɓarnar 'yan tumaki. Baba ya gan ta a talabijin, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya ce duk abin da ke yawo da ƙafa huɗu a dajin Ningi ya san shi, wannan ce kaɗai ba su gaisa ba. Na yanko mana lasin farauta, wani ɗan ajinmu ya ara min bindiga. Na ɗauka an gama mai wuya. Ashe daji ne babu.

Mun ɗauki hanya mai lamba saba'in muka yi gabas. Cikin ɗan lokaci gidaje suka fara sirara, ga gonaki, ga itatuwa har iya ganinka. Baba ya sauke gilashi yana shaƙar iska. Amma duk inda na rage gudu, waya ce, kuma kowace bishiya ta bakin hanya an kafa mata allo.

"Me aka rubuta?"

"An ce akwai mai shi, kada a shiga."

"Gonar?"

"Har dajin, Baba."

Ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce. "Daji ba shi da ƙyaure," in ji shi.

Gidan farko wata mata ce ta yi mana magana ta bayan ragar ƙofa, ba ta buɗe ba. Na biyu karnuka ne suka yi mana sallama tun daga nesa. A na uku wani mutum mai fara'a ya ce ya ba wata ƙungiyar masu farautar barewa hayar dajinsa, shi kansa sai da izininsu yake shiga da bindiga. Da na fassara, Baba ya ce in sake faɗa, don bai yarda ya ji daidai ba.

Wajen hantsi na tsaya a gefen hanya in zuba mana shayi. Kafin in ɗago, Baba ya ɗage riga ya tsallake waya, ya durƙusa yana duba wani sawu a bakin rafi. Wallahi ban san daga ina wata mota mai buɗaɗɗen baya ta fito ba. Wani ƙato jajir ya diro yana ihu yana nuna allo. Na daddage na yi ta ba shi haƙuri, na ce tsoho ne baƙo, ba ya karatu. Baba kuwa ya tsallako a natse, ya miƙa masa goro. Mutumin ya dubi goron, ya dube ni, ya ce in ya sake ganin motata sai ya kira 'yan sanda.

Mun ci abincin rana a wani ɗan shago, soyayyen kifi da wasu dunƙule-dunƙulen garin masara. Baba ya gutsura ya ce, "Wannan ƙosai ne da aka manta ba a sa wake ba."

Laraba: Summerfield

Ba ni da darasi ran Laraba, sai muka yi arewa ta hanya mai lamba ɗari biyu da ashirin. Wannan karon na yi dabara, na tsaya a shagon da ake sayar da abincin dabbobi na tambaya ko akwai wanda koyoti ya dama. Mai shagon ya kwatanta mana wani tsoho mai kiwon tumaki, ya ce ko jiya ya zo yana zage-zage.

Daga kwalta muka sauka hanyar tsakuwa, muka tarar da ƙofar ƙarfe a buɗe, da farin gidan katako a kan tudu. Tsohon yana gyaran shinge. Dogo ne siriri, da hular rana da ta ga duniya. Yana da suna, amma Baba tun ranar ya raɗa masa Mai Tumaki, ni ma haka zan kira shi.

Baba ya fara gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, ina dabbobi, yaya sanyi, yaya aka ji da asara. Ni kuma na dunƙule su duka na ce, "Mahaifina yana gaishe ka." Baba ya harare ni. "Duk maganar nan tawa ita ce wannan 'yar guntuwar?" Dole na koma na bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin mamaki, tsohon ya ajiye guduma yana amsawa, har da cewa matarsa tana fama da gwiwa. Aka ba shi goro ya gatsa, fuskarsa ta yamutse, amma ya daure ya haɗiye. Shi ma ya zaro tabar da yake taunawa ya miƙa. Baba ya jefa a baki ya gyaɗa kai. Matar ta kawo mana shayi da ƙanƙara a ciki, Baba ya leƙa kofin ya ce a hankali, "Habu, a wannan sanyin?" Amma ya shanye tas.

Sai Mai Tumaki ya kai mu bayan garke, ya nuna mana abin da ya rage na wani ɗan tunkiya, kai da fata. Allah Sarki, uwar tana tsaye a jikin waya tana ta kuka. Baba ya durƙusa kan sawun, ya kawo fuskarsa kusa da ƙasa ya ce, "Kare ne." Mai Tumaki ya girgiza kai, ya kama hannun Baba ya ɗora a kan sawun karensa, sannan ya mayar a kan wancan. Baba ya shafa, ya sake shafawa. Sai ya washe baki. "Kai! Ya fi ni gaskiya. Wannan ya fi tsini, kuma tafiyarsa ɗoɗar, ba ya wasa a hanya." Tun da ya sauka Amurka ban ga haƙoransa haka ba.

Daga nan ba su ƙara nemana ba. Suka bi sawun har bakin rafi, wannan ya nuna, wancan ya gyaɗa kai, ni ina biye kamar ɗan rakiya. Mai Tumaki ya fito da wani ɗan usur ya busa, ya yi kukan zomon da aka kama. Ya ce haka suke yi: mutum ya zauna shiru da yamma ya yi ta busawa har abin ya fito. Baba bai kula da usur ɗin sosai ba. Yana ta juya kai gaba ɗaya yana auna kurmin da ke bakin rafin, don idonsa ba ya ɗaukar gefe. Ya ce, "In mutane suka tsaya can da can suka yi kuwwa, ba shi da mafita sai wannan 'yar kafar. Ni kuma ina nan zaune." Ban fassara wannan ba, na ɗauka zancen maharba ne kawai.

Da za mu tafi Mai Tumaki ya ce, "Ku zo ran Asabar da la'asar, kai da mahaifinka. Ku biyu."

A mota na maimaita wa Baba har da ɗaga yatsu biyu. Ya ce, "Haka mai kunya yake faɗa. In mutum ya ce zo ka ci tuwo, ka taɓa jin ya ƙidaya loma?"

Juma'a: cikin gari

A lokacin muna sallar Juma'a ne a wani ɗaki da muke haya a saman shago, kusa da tashar bas. Ba mu da yawa, 'yan makaranta ne da masu 'yan ayyuka. Babbanmu shi ne Alhaji Bala, mutumin Zariya, wanda ya fi kowa daɗewa, kuma shi ke karɓar duk baƙon da ya sauka. Tun zuwan Baba, ba makon da bai aiko masa da tuwo ba.

Ana shafa fatiha Baba ya miƙe.

"Jama'a, wani bawan Allah dabba ta dame shi, ya nemi taimako. Gobe akwai farauta. Ina gayya."

Tabɗijam! Ka ga mutanen da rabonsu da jin kalmar gayya tun suna gida. Ɗaki ya kaure. Alhaji Bala ya ce, "Baba, ai ko ina da shif a wurin aiki gobe sai na yi kiran ba ni da lafiya." Wani ya ce zai zo da yara su ga al'ada, don ko Hausa ba sa mayarwa. Wani ɗan Kumasi ya ce yana da ganga a gida. Aka fara rabon wanda zai kawo shinkafa da wanda zai kawo lemo.

Ina tsaye a gefe kamar an dasa ni. Ku da ke gida ku faɗa min, wane ɗa ne zai miƙe a masallaci ya ce maganar ubansa ba haka take ba? Na bari sai a hanya na ce, "Baba, mutumin nan fa biyu ya ce, kuma su in sun ce biyu, biyu ne." Ya ce, "Habu, in na zauna da usur, abin nan zai iya fitowa ta damana ya wuce ban gan shi ba. Sai an koro min shi ta gabana." Na kira wayar Mai Tumaki da yamma har sau ba adadi, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na ce wa kaina wataƙila in ya ga mutanen kirki ne zai haƙura.

Asabar ta biyu: ƙofar gonar

Bayan azahar muka tashi daga ƙofar gidan Alhaji Bala, motoci a jere kamar masu kai amarya. Datsun ɗina a gaba, Baba ya sa rigar farautarsa mai layu wadda ban ma san ya zo da ita ba. A madubi ina hango yara sun leƙo ta taga, ɗan Kumasi yana gwada gangarsa. Masu wucewa suna ta waiwayenmu. Ni dai addu'a nake Allah ya sa taya ta fashe.

Muna sauka hanyar tsakuwa tumaki suka ji ganga suka watse, masu ciki da masu goyo, suka yi kan waya. Matar gidan da ke baranda ta shige ciki da sauri. Kafin mu kai, Mai Tumaki ya riga mu ƙofar ƙarfen, ya ja ta ya rufe, ya tsaya a bayanta.

Mutane suka firfito suna gyara hula, ana sauke tukwane. Ya yafito ni da hannu, muka matsa gefe inda ba mai ji. Bai ɗaga murya ba, wannan ya fi yi min ciwo. Ya ce, "Na ce ku biyu." Na fara bayanin yadda ake yi a wurinmu. Ya saurara har na gama. Ya ce tumakinsa suna haihuwa, tsoro yana sa su ɓari. Ya ce in yaro ɗaya ya ji rauni a gonarsa, kotu za ta raba shi da gonar. Ya ce da wannan hayaniyar koyoti ya riga ya tsallaka rafi. Sannan ya dubi Baba, wanda ke tsaye da rigarsa mai layu yana jiran a buɗe, ya daɗe yana kallonsa.

"Na lura da idonsa ran nan," ya ce. "Ka sallami sauran. Kai da shi ku shigo, mu jira gari ya lafa. Zan zauna a gefensa, in ya fito ta inda ba ya gani zan taɓa kafaɗarsa."

Wani daɗi ya kama ni. Na ruga na ja Baba bayan mota na faɗa masa duka, har da maganar kafaɗa. Ya juya kai ya dubi kurmin, ya juyo ya dubi mutane, Alhaji Bala yana ɗaura wa ɗansa igiyar takalmi.

"Ni na kira su," ya ce.

"Baba, za su gane. Duk sun san halin ƙasar nan, ni zan yi musu bayani."

"Mutum ya bar aikinsa, matarsa ta kwana tana girki, in ce masa ya koma ni zan shiga? A garinmu wa ka taɓa gani ya yi haka?"

"Nan ba garinmu ba ne. Baba, don Allah. Ka ji abin da likita ya ce."

Ban taɓa yi masa magana da wannan muryar ba. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Na ji. Je ka yi masa godiya, ka ce ya yafe mana firgita dabbobinsa. Kuma abin da ya faɗa maka ya tsaya tsakaninmu. In suka ji, za su tafi don kunya, kuma har abada za su riƙa ganin su suka hana ni."

Na koma na faɗa wa Mai Tumaki. Ya ce, "Ka tabbata ka gaya masa daidai?" Na ce na gaya masa. Baba ya zo da kansa, suka yi musabaha ta saman ƙofar. Sannan ya juya ya ce wa jama'a, "Mai wuri ya ce yau ba dama. Allah bai nufa ba."

Nan fa aka yi ta tsaki. "Ai dama halinsu ke nan." "Ya ga baƙaƙen fata ne kawai." Ina ji ana zagin mutumin da bai yi mana komai ba sai alheri, ban ce uffan ba.

Komawa

Ba a mayar da shinkafa gida ba. Alhaji Bala ya ja mu wani wurin shaƙatawa na gwamnati a bakin tafki, inda kowa ke iya shiga amma ba a harbi. Aka shimfiɗa tabarmi. Baba ya zama mai masauki: ya sa an buga ganga, ya yi kirarinsa na maharba, ya kwaikwayi tafiyar kura har yaran da ba sa jin Hausa suka yi ta faɗuwa don dariya. Kowa ya ce bai taɓa jin daɗin wikend irin wannan ba.

Rana na faɗuwa muka iso gida. A wurin fakin na ce, "Baba, ran Litinin mu koma mu biyu, ba wanda zai sani." Ya ce, "Ni zan sani." Ya shige ya cire rigar ya ninke. Na sake gwadawa kafin ya koma Ningi, ya ce in na ƙara tayar da zancen ransa zai ɓaci. Na mayar wa ɗan ajinmu bindigarsa ko harsashi ɗaya ba a taɓa ba. Ni kuma kunya ta hana ni sake bin hanyar Summerfield har na bar ƙasar.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Alhaji Bala da duk wanda ya amsa gayyar nan da zuciya ɗaya. Waɗanda ke raye cikinku, yau kun ji yadda aka yi, ba laifinku ba ne, amma ku daina zagin Mai Tumaki. Shi kam godiyar da nake masa ba ta da inda za ta same shi.

Ningi

Da na kammala karatu na dawo gida, na tarar idon ya rufe gaba ɗaya. Baba yana zaune a zaure, da muryata ya gane ni. Bayan 'yan taya murna sun watse ya jawo ni kusa, ya shafa fuskata, ya tambayi Hajara, ya tambayi Alhaji Bala. Sannan ya ce, "Mai Tumaki ya samu abin nan kuwa?"

Na ce ban sani ba.

Na ce, "Baba, ai abin da ka yi ranar shi ne daidai," don dai in sanyaya masa rai.

"Daidai ne," ya ce. "Amma kai ne mai Turanci, Habu. Da ka ce min mutumin ya kore mu duka, da tuni na manta. Ba ranar da ba na zama a bakin kafar kurmin nan."

Aka kira la'asar, na kama hannunsa muka tafi masallaci.